Ɗanyun sandunan baka a bakin hunturu: ta yaya zan busar da su ba tare da sun tsage ba?

Jikan Maharbi, Gyallesu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar dattawa da masana da ke wannan zaure a kan wani aiki da ya gagare ni bara, wanda kuma na sake ɗauko shi bana. Kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma har Allah ya karɓi ransa kwarinsa da bakansa suna rataye a zaure, amma da aka zo kwashe kayansa sai aka tarar gara ta cinye bakan, ba abin da ya saura sai tsirkiya da 'yan kibau marasa kyauro. Tun daga ranar na ƙudura cewa sai na yi irinsa da hannuna, ba don farauta ba, sai don 'ya'yana su ga abin da kakansu ya ci abinci da shi.

Kwana tara da suka wuce, wato a makon farko na Nuwamba, muka je gonarmu ta wajen Soba ana sharar gefen gona bayan an kwashe masara, sai na zaɓi sanduna bakwai masu miƙewa na sare, huɗu na ɗunɗu, uku na dargaza. Kowace ta ɗan haura mita ɗaya da rabi a tsawo, kaurinta kuwa kamar ƙotar fartanya. Na kuma haɗo da gungumen marke guda ɗaya wanda kaurinsa ya kai cinyar babban mutum. Dukansu suna jingine a bayan ɗaki da ɓawonsu, ban taɓa su ba saboda tsoron abin da ya faru bara.

Abin da ya faru shi ne, na saro sanduna uku a irin wannan lokaci, na feƙe ɓawonsu a ranar, na jingine su a katanga inda rana take dukansu tun daga hantsi har la'asar, a tunanina hakan zai sa su bushe da wuri. Kafin kwana biyar bakin kowace ya buɗe, tsagar ta fara da tsawon ɗan yatsa, ta zarce ta kai taƙi guda, har wani dare ina kwance na ji ɗaya ta yi ƙara kamar an karya karan dawa. Guda ɗaya da ta tsira na gaggauta na sassaƙe ta, na ɗaura mata tsirkiya bayan mako uku, amma da na kwance tsirkiyar sai ta ƙi miƙewa, ta tsaya a lanƙwashe kamar lauje.

Tambayata ita ce: in cire ɓawon ko in bar shi? A ina ya kamata in ajiye su? Shi gungumen marken a tsaga shi ko a bar shi yadda yake? Sannan na ga Turawa a intanet suna cewa kowane inci ɗaya na kauri yana buƙatar shekara guda kafin ya bushe, shin wannan lissafi ya shafe mu a nan Zariya? Allah ya saka da alheri.

Masassaƙi, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka jira sauran amsoshi, akwai abin da ya kamata ka yi yau ɗin nan, domin kwana tara a wannan iska ba kaɗan ba ne. Ka je ka duba bakin kowace sanda, na tabbata za ka ga siraran tsagu sun fara fitowa daga tsakiya kamar tafin kaza. Ka sa zarto ka datse bakin har ka wuce inda tsagar ta tsaya, ka ƙara ɗan yatsa biyu a kai, sannan nan take, kafin iska ta sake bugun wurin, ka toshe shi. Kakin zuma da aka narkar shi ne ya fi, idan babu shi farin gam ɗin da muke haɗa katako da shi yana yi, haka ma ragowar fentin mai, amma a shafa sau biyu ko uku, a kuma zagayo da shi gefen sandar kamar faɗin yatsu uku. Duk inda ka sare reshe ko ƙayar ɗunɗu, nan ma baki ne, a toshe shi.

Bayan haka ka ɗauke su daga bayan ɗaki ka shigar da su inda rana ba ta shiga, iska kuma ba ta ratsawa kai tsaye. Kada ka jingine su a tsaye, domin ɗanyar sanda takan bi nauyinta ta karkace, kada kuma su taɓa ƙasa saboda gara. Ka ɗora su a kwance bisa 'yan guntayen katako uku ko huɗu. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba, don ƙarƙashin kwano da rana tsaka tanda ce.

Shi kuwa marke, ni ban ba ka shawarar ka sa rai da shi ba. Muna aiki da shi, mun san halinsa: jijiyarsa a murɗe take, ba ya tsaguwa a miƙe, kuma yana da saurin darewa wajen bushewa. Idan ka bar shi gungume zai tsage da kansa ta inda ya ga dama, saboda haka ka raba shi biyu tun yanzu, ka kafa bakin tsohon gatari a kansa ka bi da guduma, ka bar tsagar ta bi hanyarta. In ta fito a miƙe ka yi sa'a, in ta murɗe kamar igiya ka samu ƙotar gatari mai kyau.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Samaru

Malam masassaƙi ya faɗi abin da ya fi gaggawa, ni kuma zan ɗan tsawaita a kan dalili, saboda wanda ya fahimci abin da ke faruwa a cikin itacen ba ya buƙatar a riƙa faɗa masa kowane mataki.

Ruwan da ke cikin ɗanyen itace iri biyu ne. Akwai wanda yake kwance a cikin ramukan jijiyoyi kamar ruwa a cikin tsinken shan lemo, akwai kuma wanda jikin jijiyar kansa ya sha. Na farko shi ne yake fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman itace ko kaɗan. Sai danshi ya sauko zuwa wajen kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen itacen, sannan na biyun yake fara fita, a nan ne kuma itace yake fara tsukewa. Matsalar ita ce ba ko'ina yake kaiwa wannan matsayi a lokaci guda ba. Bakin sanda, inda aka datse jijiyoyi, yana zubar da ruwa fiye da gefenta sau goma ko ma fiye, saboda haka baki yakan tsuke alhali taƙi guda daga ciki itacen yana nan a kumbure, kuma tunda ba shi da inda zai je sai ya dare. Haka nan fatar sanda takan bushe ta nemi tsukewa a kan cikin da bai bushe ba. Wani abu kuma shi ne, itace yana tsukewa ta zagayensa kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga fata zuwa cibiya, wannan ne ya sa duk itacen da aka bari da cibiyarsa a ciki, wato wanda ba a tsaga ba, yake son buɗewa daga tsakiya zuwa waje. Abin da ya sami sandunanka na bara ke nan, ka tuɓe musu riga ka kuma miƙa su ga rana da iska a lokaci ɗaya.

Game da lissafin shekara guda ga kowane inci, an gina shi ne a kan yanayin ƙasashe masu sanyi da laima irin su Ingila, inda itace yake jinkirin bushewa. A can wahalarsu ita ce su samu ruwan ya fita. Mu a nan daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, kuma itacen da ya daɗe a irin wannan iska yakan sauka zuwa danshi kashi 4 ko 5. A watan Agusta kuwa, lokacin da laima take haura kashi 80, itacen nan dai zai sake shan ruwa daga iska ya koma wajen kashi 16. Baka kuma ya fi lafiya a tsakanin kashi 8 zuwa 10: idan ya fi haka danshi sai ya kwanta ya riƙe lanƙwasa, kamar laujen da ka ba mu labari, idan kuma ya bushe ƙwarai sai ya yi gautsi ya karye ba tare da gargaɗi ba. Don haka aikinka a makonni shida na farko shi ne ka rage wa bushewar gudu. Ni da kaina nakan naɗe irin waɗannan sanduna a tsohon buhun algarara ko tabarma, ba leda ba, domin leda tana tara gumi ta kawo ruɓa da baƙin tabo.

A kan ɓawo, amsar ta danganta da irin itacen da kuma lokacin sara. Da a ce da damina ka sare su, lokacin da ruwa yake gudu a ƙarƙashin ɓawo, da hannu kawai za ka saɓule shi, ya bar maka fata mai santsi wadda ita ce za ta zama bayan baka. Yanzu ɓawon ɗunɗu ya fara kamewa, idan ka bi shi da wuƙa za ka yanke jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa, kuma bayan baka, wato gefen da yake kallon abin harbi, shi ne yake miƙewa idan an ja tsirkiya, duk inda aka yanke masa jijiya daga nan zai tashi. Saboda haka ka bar wa ɗunɗu rigarsa. Dargaza ɓawonta yana saɓulewa cikin sauƙi, shi ya sa ake igiya da shi, za ka iya cire na guda ɗaya don gwaji, da sharaɗin ka shafe jikinta duka da gam mai ruwa-ruwa a ranar. Illar barin ɓawo ita ce ƙwarin da ke huda itace suna son yin ƙwai a ƙarƙashinsa, don haka duk mako ka duba, idan ka ga ƙananan ramuka da gari kamar na tuwo yana zuba a ƙasa, ka cire ɓawon wannan sandar ba tare da jinkiri ba, ka kuma raba ta da sauran. Farin naman marke ma suna cinsa sosai.

Akwai dabarar da take rage tsagewa ƙwarai ga sanda mai cibiya: ka zaɓi gefen da ya fi tsabta, marar ido, wato inda reshe bai fito ba, ka ware shi a matsayin baya, sannan ka sa gizago ka rage ɗaya gefen, wato cikin baka, daga kusa da mariƙi zuwa kowane baki, har ka kusanci cibiya. Sanda ta samu ta inda za ta numfasa ke nan, ta kuma rage kauri. Sai dai wadda aka yi wa haka tana saurin karkacewa, dole a ɗaure ta a jikin azara ko miƙaƙƙen katako a wuri huɗu ko biyar har ta bushe.

Sanin ko ta bushe kuwa, sikeli ne zai gaya maka, irin ƙaramin nan na masu sayar da kayan kwalliya ko na kicin. Daga guntun da za ka datse yau, ka yanki wani daga can ciki inda bai fara bushewa ba, ka auna, ka busar da shi ƙarƙaf a tanda mai zafi kaɗan sama da na tafasar ruwa har nauyinsa ya daina raguwa, ka sake aunawa. A ce ya fara da giram 150 ya tsaya a 100, to danshinsa kashi 50 ne. Sandar da ta auna giram 1,500 a wannan rana tana ɗauke da itace zalla na giram 1,000 ke nan, kuma ranar da ta sauko wajen 1,090 ta isa aiki. Ka rubuta nauyi da kwanan wata a jikin kowace da fensir. Idan ka sassaƙe ta daga baya lissafin ya canja, sai ka koma ga hanya mai sauƙi, wato ka riƙa aunawa duk mako har nauyin ya tsaya wuri ɗaya mako biyu ko uku a jere.

Abin da Turawan suka fi mu shi ne daɗewa ana rubuta wannan ilimi. A Ingila itacen baka ya taɓa zama lamarin gwamnati, har a 1472 aka kafa doka cewa jiragen 'yan kasuwa su riƙa shigo da sandunan baka huɗu a kan kowane tan na kaya, kuma jirgin yaƙin nan Mary Rose da ya nutse a 1545, aka ɗago shi a 1982, an samu bakunkuna fiye da 130 a cikinsa. Amma itacensu daban, iskarsu daban.

Ɗan Baba, daga wajen Giwa

Assalamu alaikum. Na karanta wa mahaifina tambayar da amsoshin, shi tsohon maharbi ne da ya haura shekara saba'in, ya ce in rubuta muku abin da zai faɗa, kuma ga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyaran da rubutu ya tilasta.

Ya ce a gaya wa yaron nan ya yi zaɓe mai kyau a ɗunɗu da dargaza, amma ya makara da sara, domin su a da sukan shiga daji neman sandar baka ne tun ciyawa ba ta bushe ba, kuma ba sa sarar wadda ta tsiro a fili ita kaɗai, sai wadda ta taso a cikin kurmi tana neman rana, don ita ce take miƙewa ba rassa. Ya ce bai yarda da maganar a jira sanda ta bushe sannan a gyara mata tsayuwa ba. Karin maganar da ake yi wa yara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya ce a wannan sana'a ma haka abin yake. A makon farko ake hura wuta a bari ta zama garwashi, a shafa wa gurbin da ya karkace man kaɗanya, a riƙa juya shi a kan garwashin har ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba amma bai ƙone ba, sannan a sa shi a tsakanin rassa biyu na bishiya ko a gwiwa a danna a hankali, a riƙe har ya huce. Ya ce in ka ji ƙaurin itace to ka ɓata, in ka ga man yana tafasa a jikinsa to ya isa.

Bayan an miƙar, ya ce su ba su san gam ba, da kakin zuma ko danƙo suke toshe baki, wani lokaci ma taɓo da kashin shanu, sannan a soke sandunan a rufin ɗakin girki, can gefe inda hayaƙi yake kaiwa amma harshen wuta ba ya kaiwa. Hayaƙin yana korar ƙwari, yana kuma ba sanda launi. A nan za ta kwana hunturu da bazara, ba a taɓa ta sai an ga hadarin farko. Da na karanta masa maganar sikeli sai ya yi dariya, ya ce shi kunnensa ne sikelinsa: a riƙe sanda da yatsu biyu a ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa, ɗanya takan amsa da murya a dushe, busasshiya kuwa takan yi ƙara tas kamar ƙarfe.

Inda ya fi saɓawa da malamin Samaru shi ne batun rage gefe ɗaya. Ya ce bakan da ya gada, wanda kuma yake zaton irinsa ne na kakan mai tambaya, mulmulalle ne, mai kauri a tsakiya, yana sirancewa zuwa bakuna biyu, kuma ana kankare shi ne ta kowane gefe da wuƙa kaɗan-kaɗan. Ya ce idan aka fafe masa ciki tun yana ɗanye, za a samu baka, amma ba irin namu ba. Ya ƙara da cewa kada a ja sabon baka da sanyin asuba a tsakiyar hunturu, ya ga wanda ya karye a hannun mai shi ta haka, guntun ya tsaga masa gira.

Jikan Maharbi, Gyallesu

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, a kuma miƙa gaisuwata ga Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Jiya da yamma na bi maganar malam masassaƙi, kuma kamar yana gani, shida daga cikin bakwai sun fara tsagewa a baki. Na datse, na toshe da kakin zuma, na shigar da su tsohon ɗakin ƙasa da muke ajiye buhuna. Ɗaya daga cikin na ɗunɗu tsagarta ta yi nisa, bayan datsewa ta dawo mita ɗaya da santimita ashirin, ina ganin ta zama ta yara. Marken na raba shi, ya murɗe kamar yadda aka faɗa. Bakan kakana lallai mulmulalle ne, yadda Baba ya kwatanta. Abin da ya rage mini shi ne, gidanmu da gas ake girki, babu rufin hayaƙi, sannan ban sani ba ko kwana goma sun yi yawa a gasa su a miƙar.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Samaru

Ba su yi yawa ba, tunda ɓawon yana jikinsu cikinsu ɗanye ne har yanzu, amma kada ka wuce wannan makon. Abin da Baba ya kwatanta daidai yake da abin da aka sani a ilimin itace: zafi tare da danshi suna tausasa sinadarin da ya manne jijiyoyi da juna, idan ya huce kuma sai ya kame a sabuwar tsayuwar. Ka gasa gurbin da ya karkace kaɗai, ba sandar duka ba, kuma ka nisanci bakunan da ka toshe don kada kakin ya narke.

A kan siffa, na sallama wa Baba, tunda irin na kakanka kake nema. Ka bar biyar a mulmule da ɓawonsu, ka rage cikin guda biyu don ka ga bambancin da idonka. Roƙona ɗaya ne idan lokacin kankara ya zo: ko da mulmulallen ne, ka fi cin ciki da gefuna, ka taɓa baya kaɗan iyakar iyawarka, kuma duk inda ido yake ka bar masa ɗan tudu, kada ka daidaita shi da sauran jiki.

Rashin ɗakin hayaƙi ba zai hana komai ba, ɗakin buhunan ya wadatar, sai dai dubawar mako-mako ta zama wajibi, musamman da yake inda hatsi yake ƙwari ba sa nisa. Sanduna masu kaurin ƙotar fartanya za su daina rage nauyi tun kafin hunturu ya fita, wataƙila a Fabrairu, amma a lokacin sun bushe fiye da kima, kada ka lanƙwasa ko ɗaya. Ka jira ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da iska ta juyo daga kudu, za ka ga sikeli ya nuna sun ɗan ƙara nauyi da kansu, wanda shi ne hadarin farko da Baba yake jira. A ranar ka fara da gajeriyar nan ta yara, ka ɗaura mata tsirkiya sako-sako, ka ja kaɗan ka duba ko ɓangarorin biyu suna lanƙwasa daidai kafin ka taɓa sauran.